Jatan Lande Da Zafi Biyu: Na Hanya Da Na Tukunya

Akwai gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Sakkwato inda za a rantse maka ba a taɓa cin jatan lande ba, alhali da wuya mako ya zagayo ba a barbaɗa garinsa a miyar agushi ko alale ko dafa-duka ba. Abin nan da ake aunawa da gwangwani a Kasuwar Sabon Gari, wanda bakin 'yan kasuwa ya saba kira kirefish, ƙananan jatan lande ne da aka kamo a gaɓar teku, aka busar a rana ko bisa hayaƙi, aka ɗuro a buhu zuwa Arewa. Busasshen ya daɗe da zama ɗan gida a madafarmu. Ɗanyen shi ne baƙo, kuma a 'yan shekarun nan ya fara yi mana sallama: ga shi a firizar manyan kantuna, ga shi a shagunan kifin ƙanƙara, ga shi a bidiyon girke-girken da amare ke kallo a waya.

Sai dai mun karɓi baƙon ba mu san halinsa ba. Uwargida za ta fitar da kuɗi masu kauri ta sayo rabin kilo, ta dafa shi yadda ta saba dafa naman sa, a ƙarshe a yi ta taunar abu kamar roba. Wata kuma girkin zai yi daɗi, amma iyalin su kwana suna zarya a bayi. Duka matsalolin biyu tushensu ɗaya ne, wato zafi. Akwai zafin da ya same shi a hanya tun kafin ya iso hannun mai saye, wanda ke iya kwantar da mutum a asibiti. Akwai kuma zafin da ya wuce kima a tukunya, wanda ke mayar da abinci mai tsada abin tofarwa. Duk wanda ya iya kare jatan lande daga waɗannan biyun ya gama rabin girkinsa.

Halas ne, kuma ɗan'uwan fara ne

Tambayar da kan fara zuwa bakin mutanenmu ita ce: shin wannan abu mai ƙafafu barkatai da dogon gashin baki ya halatta a ci? A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin Afirka ta Yamma ke bi, dabbobin ruwa halas ne, ba sa ma buƙatar yanka. Malamai na kafa hujja da aya ta 96 cikin Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abin da aka farauto a teku. Shafi'iyya da Hanbaliyya ma sun halatta shi. Hanafiyya ne suka taƙaita halascin a kan kifi, suka kuma yi saɓani a junansu kan ko jatan lande kifi ne. Saboda haka abin da ya rage a wurinmu ƙyama ce kawai ta rashin sabo. Ƙyamar kuwa tana da ban mamaki ga al'ummar da ke cincirindo gaban mai suyar fara a Maiduguri da Maraɗi, domin masana halittu sun sanya fara da jatan lande da ƙaguwa cikin babban dangi guda, na halittu masu sulke a waje da ƙafafu masu gaɓoɓi. Wanda ya iya fige fara ya ci da yaji, ɓare jatan lande ba zai gagare shi ba.

Hausawan da suka yi zango kusa da teku sun riga mu sabawa. A zangunan Akara da Kumasi, shinkafa da waken nan da ta yi suna a duk faɗin Ghana ba ta cika sai da shito, baƙin yajin da ake soyawa da garin busasshen kifi da jatan lande. A Duwala kuwa ana cin ndole, miyar shuwaka da gyaɗa wadda akan ƙawata da jatan lande a sama. Ita kanta ƙasar Kamaru daga wannan halitta ta samo suna. Wajajen shekarar 1472 matuƙan jiragen ruwan Fotugal suka shiga bakin Kogin Wuri, suka tarar da shi cike da irinsa, suka raɗa masa Kogin Jatan Lande da harshensu, kuma daga wannan kalma tasu sunan ƙasar ya fito.

Daga ina yake zuwa?

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga Badagiri a Jihar Legas zuwa iyaka da Kamaru. Ƙananan jatan lande suna girma ne a cikin dazukan itatuwan bakin teku na yankin Neja Delta, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na gishiri, kafin su fita teku. Masu kamun iri biyu ne. Akwai masunta masu kwalekwale da ke kama ƙananan da ake busarwa, kuma garuruwan Oron da Ibeno a Jihar Akwa Ibom sun shahara da wannan sana'a. Akwai kuma manyan jiragen ruwa masu jan koma, yawancinsu daga Legas, da ke kama manya. Cikinsu har da ƙaton nan mai zane-zane a baya, wanda asalinsa na tekun Indiya da Fasifik ne, amma aka fara ganinsa a ruwanmu daga ƙarshen shekarun 1990. Waɗannan jirage suna daskarar da abin da suka kama tun a cikin teku, kuma mafi kyawunsa ƙasashen Turai ake kai wa, irin su Holan da Beljiyam da Faransa.

Abin da ya rage don kasuwar gida shi ke kama hanyar Arewa. Tsakanin Legas da Kano akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000, da shingaye da lalacewar mota da sauke kaya da sake lodi. A nan ne zafin farko yake samunsa.

Zafin hanya

Jatan lande ya fi nama saurin lalacewa, ya ma fi yawancin kifaye. Kayan cikinsa a kansa suke, kuma sinadaran da ke narkar masa da abinci ba sa daina aiki bayan ya mutu. Idan babu sanyi sai su juya kan tsokarsa, ta yi lugub. Ƙwayoyin cuta kuwa suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, wasunsu sukan ninka yawansu cikin minti 20. Daga cikin waɗanda ke rayuwa a ruwan gaɓar teku akwai dangin ƙwayar da ke haddasa kwalara. Daskarewa ba ta gamawa da ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi. Da zarar ƙanƙara ta narke sai su ci gaba daga inda suka tsaya.

Shi ya sa masana tsaftar abinci suka kafa ƙa'ida cewa ɗanyen abincin ruwa kada ya wuce awa biyu a waje da sanyi, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya kacal. Mai karatu ya san yadda bazara take a Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda ma'auni ke taɓa digiri 40. Ya kuma san halin wutar lantarki. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan wuta. Firiza cike maƙil, idan ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyinta kimanin awa 48. Idan rabi ce, awa 24. Wanda ba shi da janareta a irin wannan lokaci, kayansa sun narke, kuma ba kowane ɗan kasuwa ne zai iya zubar da jarinsa ba. Wuta na dawowa sai a sake daskarar da su a sayar.

Daga nan mai saye zai gane wani abu da ya saɓa wa abin da aka saba. A Legas ko Kalaba, sabo ya fi daskararre. A Kano ko Gusau kuwa, wanda aka baza a tire aka ce maka "sabo ne, yau aka kawo", kusan kullum daskararre ne da aka narkar, kuma ba ka san tun yaushe ba. Wanda ya daskare tun a jirgi, ya iso hannunka da tauri kamar dutse, shi ne mafi kusa da sabo da za ka samu.

Yadda ake zaɓe a kasuwa

A fara da duba shagon kafin kayan. Firizar da ke aiki yadda ya kamata tana kan digiri 18 ƙasa da sifili, duk abin da ke cikinta da tauri. Idan ka tarar kifin da ke sama ya yi laushi, ko ruwa ya kwanta a ƙasa, ka nemi wani shagon.

Sai a ɗaga ledar a girgiza. Wanda aka daskarar ɗai-ɗai ya kamata ya yi motsi kamar tsakuwa. Idan ya dunƙule wuri guda, ko ledar ta cika da garin ƙanƙara, ko wani ruwa mai launi ya daskare a gindinta, to ya taɓa narkewa. Akwai wanda da gangan ake daskararwa a dunƙule cikin kwali. Shi kuma ƙanƙararsa ta kasance garau, da siffar kwalin ba ta sauya ba. Farin tabo busasshe a jikin tsoka alama ce ta daɗewa a firiza.

Lambobin da ake rubutawa a jikin leda, kamar 16/20 ko 31/40, adadin jatan landen da ke cika awo guda ne, yawanci fam ɗaya, wato giram 454, ga wanda aka cire wa kai, ko kilo ɗaya ga mai kai. Ƙaramar lamba, manyan jatan lande. Manya sun fi dacewa da gashi da suya, matsakaita kuma sun wadatar a miya, ga sauƙin kuɗi. A tuna cewa kai kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, idan aka haɗa da ɓawo abin ya doshi rabi. Ga kuma ƙanƙarar da ake lulluɓe shi da ita don kariya, wadda wasu ke kauraratawa don ƙarin nauyi. Uwargida ta auna kafin narkewa, ta sake aunawa bayan ya narke, sau ɗaya ya isa ta san shagon da ke sayar mata da ruwa a farashin nama.

Bayan ya narke, hanci ne alƙali. Mai kyau yana da ɗan ƙamshin ruwan gishiri, jikinsa da ƙarfi da sheƙi, kansa manne da jiki. Idan aka ji zarni, ko ya yi yauƙi, ko kan yana faɗuwa da kansa, a zubar. Babu yawan citta ko lemon tsami da zai gyara shi, kuma kada garin neman ƙiba a samo rama. Baƙin tabo a kai ko ƙafafu shi kaɗai ba guba ba ne, amma yana nuna an ɗan jima da kama shi. Wanda kuma aka riga aka dafa kafin a sa shi a leda, ɗumamawa kawai yake buƙata. Ga mai son yin miya, ɗanye mai ɓawo ya fi. A sa sayensa ya zama na ƙarshe a cefane, a sako shi a kula da ƙanƙara, a wuce gida kai tsaye.

Busasshen ma yana da nasa sharuɗɗa

Ga mafi yawan gidaje, busasshe ne mai sauƙin samu, kuma shi bai damu da ɗauke wuta ba. Abokan gabarsa laima da ƙwari ne. Mai kyau yana da haske, ja-ja ko ruwan zuma, yana karyewa ƙaras a tsakanin yatsu, ƙamshinsa mai daɗi. Idan ya yi danshi, ko ya yi fari-fari na fumfuna, ko yana warin tsohon mai, a bar shi. A sayi gudansa a niƙa a gida, domin niƙaƙƙen kasuwa ba a san abin da aka haɗa a ciki ba. A tsince shi, a bushe ƙura da yashi a faifai, a ƙara shanya shi ya bushe sosai, sannan a daka a zuba a kwalba mai murfi.

A kuma shinshina da kyau saboda maganin ƙwari. Sanannen abu ne cewa wasu 'yan kasuwa na fesa wa busassun kayan abinci maganin ƙwari irin na fiya-fiya. Saboda samun sinadarin irin wannan magani fiye da kima ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a shekarar 2015. Duk busasshen kifi ko jatan landen da ke warin magani, ko wanda ƙuda ke kauce wa alhali ya yanyame na maƙwabta, abin zargi ne. Araha dai ba ta ado.

Gyara kafin girki

Hanya mafi aminci ta narkarwa ita ce a sauko da shi daga firiza zuwa firji ya kwana. Idan ana sauri, a sa shi a leda a ɗaure, a nitsa cikin ruwan sanyi, zai saki cikin minti 20 zuwa 30. Kada a zuba masa ruwan zafi, kada a ajiye shi a rana. Wanda aka narkar a dafa shi a ranar, ko washegari idan firji bai daina aiki ba, kuma kada a mayar da shi firiza. Saboda haka tun ranar saye a kasa shi ƙulli-ƙulli daidai girki ɗaya.

A murɗe kan a cire, a kama ɓawon daga wajen ƙafafu a ɓare. Ana iya barin jelar don ado. Sai a tsaga bayan kaɗan da bakin wuƙa, za a ga wani baƙin zare. Hanjinsa ke nan, a zare shi, domin a manya yakan ɗauki yashi. A ɗauraye da ruwan sanyi, a tsane a gwagwa. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen a wanke su da sabulu kafin su taɓa latas ko tumatirin da za a ci ɗanye. Wanda ke da rauni a hannu ya rufe shi kafin ya fara.

Kai da ɓawon nan kada a zubar. Mafi yawan ɗanɗanon jatan lande a cikinsu yake, kuma an biya kuɗinsu. Mai zubar da su ya yi irin ta kazar da ta kwana kan dami. Da su ake yin romon da ke riƙe miya, kamar yadda za a gani a gaba.

Zafin tukunya

Girkinmu na gargajiya girkin haƙuri ne. Mun saba da naman da sai ya daɗe yana ɓararraka kafin ya yi laushi, kamar ƙafar sa da ganda. Jatan lande akasin haka yake. Tsokarsa ba ta da jijiyar da ke buƙatar doguwar dahuwa, saboda haka da zafi ya ratsa ta ta nuna, abin da ya biyo baya kuma matsewa ce da fitar da ruwa har ta zama danƙo. Matsakaici yana nuna cikin minti biyu zuwa uku a tafasasshen ruwa. A kasko mai zafi, minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe. Ƙato ya ɗan fi haka kaɗan.

Shi da kansa yake faɗin ya nuna. Launinsa na toka yana komawa ja-ja, domin zafi na sakin wani jan sinadari da ke ɓoye a jikinsa. Tsokar da ke da haske kamar gilashi tana zama fara har ciki. Jikinsa yana lanƙwashewa kamar lauje. Idan ya naɗe har kai ya taɓa jela kamar zobe, an wuce wuri. Mai ma'aunin zafin abinci ya nemi digiri 63 a tsakiyarsa. Gajerta dahuwa ba ta nufin a ci shi da sauran ɗanye, kuma matsa masa lemon tsami ba ya kashe ƙwayoyin cuta.

Mafi sauƙin girki shi ne a tsane shi sosai, a barbaɗa gishiri da tafarnuwa da citta da ɗan yaji, a jefa a kasko mai zafi da man gyaɗa kaɗan, ba tare da an cunkusa ba, domin idan ya yi yawa ruwa zai fitar ya dahu maimakon ya soyu. Haka kuma yana karɓar yajin ƙuli idan aka jera shi a tsinke aka gasa kan garwashi. A soyayyiyar shinkafa ko taliya, a soya shi daban a kwashe, sai an kusa saukewa a mayar.

Miyar masunta

Mutanen Ribas da Akwa Ibom da Kuros Riba suna da wata miya da ake kira miyar masunta, wadda ake haɗa kifi da ƙaguwa da jatan lande da ƙananan dodon koɗi. Ana iya yin ta a Arewa da abin da ke kasuwarmu. Ga mutum shida, a tanadi jatan lande mai kai rabin kilo, tarwaɗa ko giwan ruwa kilo ɗaya, ƙaguwa uku idan an samu, albasa biyu, attarugu uku, tattasai biyu, tafarnuwa da ɗanyar citta, manja ludayi ɗaya, ƙananan gwaza uku, garin busasshen jatan lande cokali biyu, gishiri, da ganyen ɗoɗɗoya.

A fara da romo. A zuba mai kaɗan a tukunya, a soya kawuna da ɓawon na minti huɗu ko biyar, ana danna kawunan da ludayi har su yi ja, ƙamshi ya tashi. A zuba ruwa lita ɗaya da rabi da rabin albasa, a rage wuta ya dahu a hankali na minti 20, sannan a tace da rariya. Idan ya wuce haka ba ya ƙara daɗi. A wannan lokacin tsokar jatan landen tana cikin firji ko kan ƙanƙara.

A dafa gwazar daban, a ɓare, a daka ta yi laushi. A wanke tarwaɗa da ruwan zafi ko lemon tsami don cire yauƙi, a sa mata gishiri. A goge ƙaguwa da kyau, a raba ta biyu. Sai a narkar da manja a tukunya mai faɗi, a soya albasa, a zuba jajjagen attarugu da tattasai da tafarnuwa da citta, a bari ruwansu ya ƙone. A juye romon, a sa garin busasshen jatan lande da gishiri. Mai son daddawa ya sa kaɗan, kada ta danne ƙamshin romon.

Sirrin wannan miya yana ga jerin shigar kaya, kowa da lokacinsa. Idan ta tafasa, ƙaguwa ce ta farko, a ba ta minti biyar. Sai a saka dakakkiyar gwaza ƙanana-ƙanana tare da kifin, a rufe, a rage wuta, a ba su minti takwas zuwa goma. Daga nan a ajiye ludayi, domin juyawa na farfasa kifi. A riƙa kama tukunyar ana girgizawa a hankali. Idan gwaza ta narke miya ta yi kauri, a ɗanɗana gishiri, sannan a zuba jatan lande da yankakkiyar ɗoɗɗoya. Minti uku, a sauke. Zafin miyar zai ƙarasa abin da ya rage. Ana ci da sakwara ko teba ko tuwon shinkafa. Wanda ya fi son farfesu ya bar manja da gwaza, ya sa kimba da masoro da gyaɗar miya. Mai son yauƙi ya sa ɗanyar kuɓewa a madadin gwaza.

Wannan miya ba ta son ɗumame. Al'adarmu ta tafasa miya safe da yamma don kada ta lalace tana taurara jatan lande, tana kuma dagargaza kifi. A dafa daidai ci. Abin da ya ragu a sa a firji da wuri, a cinye washegari bayan an ɗumama shi ya yi zafi sosai, sau ɗaya.

Amfaninsa da wanda ya kamata ya kiyaye

Giram 100 na dafaffen jatan lande na ɗauke da kimanin giram 24 na furotin, kitsensa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Yana da sinadarin ayodin da bitamin B12. Busasshen, da yake ana niƙa shi da ɓawonsa, yana ƙara wa abinci kalsiyam, kuma cokali guda a faten yara ba ƙaramin taimako ba ne a gidan da nama ke wuyar samu. Yana da kolestarol da ɗan yawa, saboda haka wanda likita ya gindaya wa sharaɗi ya nemi shawararsa.

Babban abin kiyayewa shi ne akwai mutanen da jikinsu bai jituwa da shi ko kaɗan. Alamun sukan bayyana cikin mintuna: ƙaiƙayi, borin jini, kumburin leɓe ko fuska, amai. Idan numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya asibiti nan take, domin yana iya kisa. Dahuwa ba ta kawar da wannan, kuma garin busasshen ma yana tayar da shi. Wanda jatan lande ke yi wa haka ya yi hattara da ƙaguwa da fara. Masu asma kuma su sani ana yawan sa wa ɗanyen wani sinadari mai hana shi baƙi, wanda kan tayar wa wasunsu da ciwo. Ladabin ciyarwa ne a gaya wa baƙo abin da ke cikin miya kafin ya sa hannu.

Zafin tukunya yana hannun uwargida, kuma minti uku ba su da wuyar kiyayewa. Zafin hanya kuwa ya fi ƙarfinta. Tun shekarar 2023 Najeriya ke da ma'aikatar tarayya ta musamman kan harkokin teku da arzikin ruwa, ga kuma hukumar NAFDAC da jami'an duba-gari na jihohi. Ƙasar da ta iya cika sharuɗɗan Turai ta kai musu jatan lande cikin sanyi ba yankewa, ba ta da hanzarin kasa yi wa 'ya'yanta haka tsakanin Legas da Kano. Ana buƙatar ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a manyan kasuwanninmu, da binciken firizar 'yan kasuwa a kai a kai, musamman bayan doguwar ɗaukewar wuta. Su ma 'yan kasuwa su ji tsoron Allah, kayan da suka narke suka lalace ba na sayarwa ba ne. Kafin a kai ga haka, mai saye ya riƙe idonsa da hancinsa, ya kuma san cewa barin kayan da yake shakka a kai ya fi masa arha a kan kuɗin asibiti. Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.